Itacen Ceri Na Ƙasar Sin Da Magaryar Bayan Gida

Jama'a masu gida da matan gida, ga wata magana da nake so mu yi, kuma wani abu da ya faru a gabana ne ya jawo ta.

Bara, ana gab da faɗuwar damina, wani dattijo ya zo ɗakin shan magani inda nake aiki. Ba ciwo ya kawo shi ba. Bayan mun gaisa sai ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya ce, "Malam, kai da ka iya karatun boko, duba mini wannan." Na karɓa na duba. Hoton wani ɗan itace ne ya yi fure fari fat tun daga ƙasa har bisa, a gefe kuma ga 'ya'yansa jajaye sun yi cincirindo a jikin reshe. Ɗansa da ke birni ne ya gani a waya, ya aika da kuɗi aka kawo masa irin, shi kuma ya aiko wa mahaifinsa. An rubuta a jiki wai itacen yana da jimiri, ba ya jin fari, ba ya jin sanyi, kuma yana yi a kowace irin ƙasa. Dattijon ya shuka ƙwaya ashirin a bayan ɗakinsa, ya yi wata biyu yana ba su ruwa safe da yamma da ruwan da jikokinsa ke jawowa daga rijiya. Ko ɗaya bai tsiro ba. Abin da yake so ya sani shi ne, ko hannunsa ne ba shi da albarka.

Na ce masa, "Baba, hannunka lafiya lau yake. Itacen ne ba na ƙasarmu ba." A ƙofar gidan dattijon nan kuwa akwai wata tsohuwar magarya da awaki suka gwaigwaye, wadda bai taɓa zuba mata ko moɗa ɗaya ta ruwa ba.

Ni ba malamin gona ba ne, karatuna ma bai yi zurfi ba. Amma na yi shekaru ina duba bakin yara da idanun mata masu goyo, na kuwa ga abin da rashin 'ya'yan itace ke yi wa jikin mutum. Saboda haka nake ganin ina da bakin magana. Ra'ayina shi ne kowane gida ya kamata ya mallaki ɗan itace mai 'ya'ya, mai jimiri, a cikin gida ko kusa da shi, kuma a yawancin ƙauyukanmu itacen nan magarya ce, ba baƙon ceri ba.

Wane irin itace ne cerin nan?

Kada a ce na raina shi. Itace ne na kirki a inda Allah ya ajiye shi. Asalinsa arewacin ƙasar Sin ne da Koriya da Mongoliya da tuddan Tibet. Turawa suna kiransa cerin Nankin, da sunan wani birni na Sin, mutanen Sin kuwa suna ce masa ceri mai gashi, domin bayan ganyensa yana da laushi kamar an yayyafa masa auduga. Ba ya zama babban itace. Tsawonsa kamu huɗu zuwa shida ne, ya yi rassa da yawa tun daga ƙasa. Da zarar ƙanƙara ta fara narkewa sai ya rufe jikinsa da fure fari mai ratsin ja-ja tun bai yi ganye ba. Bayan kamar wata biyu ko uku 'ya'yan su nuna, jajaye, ba su wuce girman ƙwayar gurjiya ba, da zaƙi da ɗan tsami. A kan ci su ɗanye, a kan kuma dafa su da sukari a ajiye. Kafin shekarar 1900 an riga an kai shi Ingila da Amurka. Manoman filayen Kanada da na arewacin Amurka da na gabashin Rasha sun karɓe shi hannu biyu, domin a wurarensu sanyi yana kashe yawancin itatuwa masu 'ya'ya, shi kuwa yana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa. Suna dasa shi a jere ya zama musu shinge, ya tare iska, yara kuma su sami abin tsinka.

To, ga inda mai sayar da irin ya ɓoye rabin gaskiya. Jimirin da ake faɗa jimirin sanyi ne. Itacen ba jure sanyi kaɗai yake yi ba, bukatarsa yake yi. Dole ne kowace shekara ya zubar da ganye ya yi barci, ya sami sa'o'i ɗaruruwa cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba, kana ya farka ya yi fure. In bai sami wannan ba, idanun furen ba su buɗewa yadda ya kamata. Ƙwayar irin ma haka take, sai ta yi kamar wata uku cikin sanyi da danshi kafin ta yarda ta tsiro. Shi ya sa na dattijon nan suka kwanta a ƙasa har suka ruɓe. Mu kuwa ɗarin da muke kuka da shi, wanda ke sa mu kwana da wuta a ɗaki, a Kano cikin watan Janairu ya kan tsaya wajen digiri 12 ko 13 da dare, da rana ta ɗaga kuma ya koma kusan 30. Wannan ga cerin Sin ba sanyi ba ne. Ko da mutum ya yi dabara ya sa irin a firji har ya tsiro, zai sami 'yar sanda mai ganye wadda ba ta san lokacin barci ba, bazara ta zo ta ƙone ta. Har wa yau, guda ɗaya ba ya yin 'ya'ya sosai, sai an dasa biyu ko fiye domin ƙudan zuma su haɗa furen wannan da na wancan.

Abin koyi daga manomin Kanada, ashe, ba sunan itacen ba ne. Shi ya duba abin da ke kashe itace a ƙasarsa, watau sanyi, ya nemi wanda ya fi ƙarfin sanyi. Mu abin da ke kashe itace a ƙasarmu shi ne wata bakwai ko takwas ba ruwan sama, da zafin bazara, da gara, da akuya.

Me ya sa malamin asibiti ke maganar itace?

Domin akwai wani abu a cikin ɗanyun 'ya'yan itace da ɗanyen ganye da ake kira bitamin C. Jiki ba ya iya yin sa da kansa, ba ya kuma iya ajiye shi da yawa. Shi ne ke taimakon jiki ya haɗe rauni, ya riƙe dasashi da ƙananan jijiyoyin jini. In mutum ya yi wata biyu ko uku bai samu ba ko kaɗan, sai kasala ta kama shi, gaɓoɓi su yi ciwo, dasashi ya kumbura yana jini, miki ya ƙi warkewa. A zamanin da, ciwon nan ya hallaka matuƙan jiragen ruwa masu yawan gaske, saboda suna yin watanni a teku ba su cin kome sai busasshen abinci. A shekarar 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya ware marasa lafiya 12, ya raba su biyu biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da ya ba lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka miƙe cikin 'yan kwanaki. Shi kansa sinadarin ba a gane shi ba sai a 1932.

Ku dubi tukunyarmu a cikin rani ku gani ko ta yi nisa da ta matuƙan nan. Tuwon gero ko na dawa, miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da daddawa da barkono. Abinci ne mai riƙe ciki, ban kushe shi ba, da shi aka rene ni. Amma shanya a rana tana kashe yawancin bitamin C na ganye, doguwar dahuwa ta ƙara kashewa, kanwar da ake jefawa a miya kuma ta ƙarasa sauran. Gidan da ba shi da lambu, ba shi da kuɗin sayen tumatir da lemo ran kasuwa, ya kan yi watanni a haka.

Gaskiya ce, ciwon nan a cikakkiyar kamarsa ba kullum muke ganinsa ba, kuma yawancin jinin dasashi da ake kawo mini daga dattin haƙora ne, maganinsa asuwaki. Abin da nake gani kowane mako shi ne ɗan'uwansa, watau ƙarancin jini. Mace ta zo da goyo, ta ce jiri take ji, in ta ɗauko tulu zuciyarta na bugawa. In ja fatar idonta in ga ciki fari kamar takarda. Dalilan ƙarancin jini suna da yawa, akwai zazzabin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai haihuwa kusa kusa. Amma akwai na abinci. Gero da wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke yin jini da shi, sai dai hanji ba ya iya tsotse shi sosai. In an ci wani abu mai bitamin C tare da abincin, hanji ya kan tsotsi fiye da haka ƙwarai. In kuwa shayi aka kora da shi, sai ya rage. Watau 'yan 'ya'yan itace bayan tuwo suna sa tuwon kansa ya fi amfani.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙayyade wa babban mutum miligiram 45 a rana, mai ciki 55, mai shayarwa 70. Ɗanyar magarya nunanniya mai nauyin giram 100 tana da kamar miligiram 70, wani iri ma ya fi haka, lemun zaƙi mai wannan nauyi kuwa yana da kamar 50. Cikin tafin hannu ɗaya ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kowace rana. Na san gidaje kaɗan ne a ƙauye za su kai wannan, amma tsakanin 400 da babu akwai wuri mai faɗi.

Don me magarya?

Wani zai ce, "Ai gwaiba ta fi ta." Haka ne, gwaiba ta ninka ta wajen bitamin C, wanda ke da fadama ko rijiya mai ruwa ya dasa gwaiba da lemun tsami da gwanda, Allah ya ba da sa'a. Garin 'ya'yan kuka shi ma yana da shi da yawa, amma wanda ya dasa kuka sai ya yi haƙurin shekaru. Ni maganata a kan gidan da ke kan tudu ne, inda ake auna ruwa da moɗa. A nan magarya ba ta da na biyu. Saiwarta tana nutsawa ƙasa da nisa tun tana ƙarama. Tana rayuwa inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 zuwa 500 ba. In zafi ya tsananta ta zubar da ganye ta jira, in an sare ta ta sake tohowa. Wajen ƙarshen damina take yin fure, ƙanana masu ruwan ɗorawa-ɗorawa. Ba su da kyan na cerin Sin, ba wanda zai ɗauki hotonsu ya sayar, amma ku tsaya kusa da ita da hantsi ku ji ƙugin ƙudan zuma.

Babban abin da ya sa na zaɓe ta shi ne lokacin nunarta. Tana nuna daga ɗari zuwa cikin rani, bayan ɗanyen ganyen damina ya ƙare, kafin mangwaro ya shigo. Watannin nan su ne ramin da yara ke faɗawa.

Sai dai in faɗi iyakarta, kada a ce na yi irin ta mai sayar da ceri. Busasshiyar magaryar da ake aunawa a kasuwa, da wainar garinta da ake kira akuri, suna da daɗi suna kuma ba da ƙarfi, amma yawancin bitamin C ya tafi da shanya. Ɗanya nunanniya ake so. Kuma magarya ba ta maye gurbin mangwaro da gwanda da zogale da manja wajen bitamin A mai tsare ido. Ba ta warkar da wadda jininta ya riga ya yi ƙasa, wannan sai ta zo a duba ta a ba ta ƙwayar ƙarin jini. Jariri kuwa da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Akwai kuma wani labari da da yawa ba su ji ba. A ƙasar Indiya an daɗe ana zaɓen magarya ana kyautata irinta, har suka sami masu manyan 'ya'ya, irin su Gola da Seb da Umran. Ɗa guda ya kai girman ƙwan zabo ko ya fi, ga tsoka mai ruwa, ana gatsa kamar tuffa. Itacen ɗaya ne da namu, saboda haka ana iya aura reshensu a kan gindin magaryar dajinmu, kamar yadda ake auren mangwaro. Gindin ya kawo jimiri, reshen ya kawo girma. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aikin yaɗa wannan a cikin shekarun 2000, har aka laƙaba mata suna tuffar Sahel. Mai aure ta kan fara 'ya'ya cikin shekara ta farko ko ta biyu. Amma fa ta fi ta daji son ruwa sa'ad da 'ya'yan ke cika, kuma tsutsa ta fi son ta. In an sami dashenta wurin malamin gona ko gandun renon itatuwa, a saya. In ba a samu ba, ta gida ma ta isa a fara da ita.

Abin da masu gida ke ce mini

Na farko su kan yi dariya, su ce, "Malam, wa ke dasa magarya? Ai abin daji ce." Sai in tambaye su, dajin yana ina? Sa'ad da nake yaro muna fita bayan gari mu cika aljihu da magarya da kurna da kanya da tsada kafin a kira azahar. Yau wurin gona ne, abin da ya saura kuma gatarin masu itacen wuta ya bi ta kansa. Yaran yanzu sai su yi tafiya mai nisa, a wasu wuraren ma iyaye ba su yarda su bar su su yi nisa da gari ba saboda rashin tsaro. Abin da daji ya daina bayarwa kyauta, dole gida ya ɗauki nauyinsa. Manoman jihar Maraɗi sun gane haka tun cikin shekarun 1980, suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, suna rage musu rassa su bar ɗaya ko biyu su tashi. Suna kiran wannan sassaben zamani, kuma ya mayar da itatuwa gonaki masu yawa ba tare da an sayi dashe ba.

Na biyu, ƙaya. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ni nake cire ta daga ƙafafun yara. Maganinta kada a dasa a tsakar gida inda ake rarrafe, a dasa a kusurwa ko jikin darni, in an yi sassabe a kwashe rassan nan da nan a kai su shingen gona inda ake bukatarsu. Wanda ƙaya ta soka ya cire ta duka, ya wanke da sabulu. In wurin ya kumbura ko ya yi ruwa a zo mana da shi. A kuma tabbata yara da mata masu ciki sun karɓi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, domin ta irin ƙaramin raunin nan yake shiga.

Na uku, wasu na cewa itace a gida yana kawo maciji da sauro. Maciji duhuwa yake so da tarin shara da ɓera. In an ɗage rassan ƙasa har ana ganin gindin, ana kuma sharewa, ba shi da wurin ɓuya. Sauro kuwa ba a ganye yake haihuwa ba, a kwantaccen ruwa ne. A nan ma itacen taimako yake yi. Dubi bayan makewayin yawancin gidaje, za ka ga ruwan wanka ya taru ya yi baƙi, agwagi na wasa a ciki. Wannan ruwan da ke renon sauro shi ne zai reni magarya, in an ja masa 'yar hanya zuwa gindinta ya nutse. Ruwan wanka da na alwala da na ɗaurayar kwanuka duk suna yi. Banda ruwan wanki mai garin sabulu da yawa, banda kuma abin da ya fito daga salga.

Akwai masu cewa wanda ya dasa itace ba ya rayuwa ya ci 'ya'yansa. Ban san inda aka samo wannan ba. Mangwaron da ke ƙofar ɗakin shan maganinmu, wanda ya dasa shi yana nan da ransa, kowace shekara sai ya aiko jikansa da kwando.

Yadda za a yi

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba ko akwai wadda ta tsiro da kanta kusa da gida ko a gona. In akwai, an huta da rabin aiki, gama saiwarta ta riga ta yi nisa. A zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sare sauran, a kewaye ta. In ana son a aura mata irin Indiya, a sare ta kusa da ƙasa cikin bazara, sa'ad da sababbin rassa suka kai kaurin fensir a kira wanda ya iya aure ya ɗaura. Bayan auren ya kama, duk tohon da ya fito daga ƙasan ɗaurin a cire shi, in ba haka ba na dajin zai rinjayi baƙon ya kashe shi. Mutane da yawa sun yi hasarar dashensu ta nan, suna zaton an cuce su.

In daga iri za a fara, a tsinko nunannun 'ya'ya daga itacen da aka san yana da zaƙi. Ƙwallon yana da tauri, in an shuka shi haka ya kan yi makonni bai fito ba. A fasa shi a hankali da dutse a ciro 'yan ƙwayoyin ciki ba tare da an murƙushe su ba, waɗannan su kan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu. Ya fi kyau a shuka a wurin da itacen zai zauna, ko a cikin doguwar leda, domin saiwar ba ta son a katse ta.

A haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, tun cikin bazara. A cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kwando ɗaya da ɗan toka, a mayar. Ɗanyen taki yana kiran gara, a guje shi. Ramin ya yi nisan taku shida ko fiye daga bangon ɗaki, ya kuma nisanci rijiya da salga. In biyu za a dasa, a bar taku bakwai tsakaninsu. A dasa sa'ad da damina ta zauna sosai, da yamma. A yi mata ɗan gurbi kamar akushi domin ya tare ruwa, a rufe da ciyawa ko ƙaiƙayi, amma kada ya taɓa jikin itacen.

Shinge shi ne gaba da kome. Na ga dashe da yawa sun mutu, kuma kusan dukansu ba ƙishirwa ta kashe su ba, akuya ce. Ganyen magarya abincinta ne na marmari. A kafa shingen a ranar da aka dasa, ba gobe ba, ya kai tsayin ƙirjin mutum, a riƙa gyara shi har shekara biyu. A ranin farko a ba ta ruwa rabin garwa sau biyu a mako. Daga shekara ta biyu ta gida ba ta bukatar kowa, mai aure kuwa a ci gaba da taimaka mata daga fure har nuna.

Magarya a kan sabon reshe take yin 'ya'ya. Saboda haka kowace shekara, bayan an gama tsinka ta zubar da ganye, wajen watan Mayu, a rage rassan bara sosai. Mai gida ya kan ji tausayi ya ƙi sarewa, sai itacen ya yi tsawo ya cukurkuɗe, 'ya'yan su ƙanƙance su koma inda sai da jifa. Ganyen da aka samu a ba dabbobi.

In an ga 'ya'ya suna faɗuwa da tsutsa a ciki, wani ɗan ƙuda ne ke yin ƙwai a jikinsu. A tsince waɗanda suka faɗi kowace safiya a binne su da zurfi ko a ba awaki, domin daga cikinsu ne sabon ƙudan ke fitowa. Ina roƙonku kada ku ɗauko ragowar maganin feshin auduga ko na wake ku fesa wa itacen da yara ke tsinka. An taɓa kawo mini yara uku 'yan gida ɗaya suna amai, yawu na zuba, saboda irin wannan. Allah ya sa aka kai su babban asibiti da wuri.

Wajen ci

Wannan sashen na uwar gida ne. Ni da za a bi shawarata ma, da an ce itacen nata ne, domin ita ke gida, ita ke zubar da ruwan, ita ta san yaron da bai ci ba. In na mai gida ne, ran kasuwa za a kwashe duka a kai. A sayar da rara, ba laifi, amma a fara cika kwanon yara da na mai ciki.

A tsinka daga jikin itace sa'ad da suka juya daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Wanda aka tsinta a ƙasa, inda kaji da awaki da yara ke bi, yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin zawo. A wanke da ruwa mai tsabta, mai ci kuma ya wanke hannu. A ci a ranar ko washegari, tare da abinci ko bayansa.

Yaron da bai kai shekara uku ba kada a miƙa masa magarya da ƙwallonta. A cire masa tsokar a murje a ba shi. Ƙwallon daidai yake da maƙogwaronsa, daidai kuma da ƙofar hancinsa. Kowace shekara sai an kawo mini wanda ya cusa ɗaya a hanci ko a kunne. In haka ta faru kada a sa tsinke ko ashana, tura shi ciki za a yi. A kawo shi yadda yake.

Dattijon da na ba ku labarinsa ya kewaye tsohuwar magaryar ƙofar gidansa da kara da ƙaya, ya ja mata hanyar ruwa daga wurin alwalarsa. Da na bi ta wurin a watan Oktoba ta yi sababbin rassa fiye da kamu biyu, ta kuma yi fure. Takardar cerin tana nan ya liƙa a bangon zaure, ya ce hoton yana da kyau. Mun yi da shi in malamin gona ya zo zagaye kafin damina, zai tambaye shi inda ake samun reshen Gola.